Gado da Aike: Labarin Jami'ar da Sistoci Suka Kafa

 

Yau a kan gado za mu yi magana. Ka sani, in mutum ya rasu, magada su kan taru a raba gona, da shanu, da gida. Amma akwai wani gado wanda alƙali ba ya iya raba shi, wato halin mutum, da abin da ya sa gaba dukan kwanakin ransa. Wannan gado, in ba a sami mai ɗauka ba, tare da mai shi a kan binne shi. Makaranta ma tana da irin wannan gado. Zan ba ka labarin wata jami'a wadda waɗansu mata suka kafa, domin mu ga abin da suka bari, mu ga kuma yadda aka yi bai ɓace ba.

SU WANE NE SISTOCI?

Watakila ka sha ganinsu a kasuwa ko a asibiti, da lulluɓi a kai, da ɗan gicciye a wuya. Sista mace ce ta Ekklesiyar Katolika wadda ta yi wa Allah wa'adi uku. Na fari, ba za ta mallaki kome nata na kanta ba. Na biyu, ba za ta yi aure ba. Na uku, za ta yi biyayya, ta tafi duk inda aka aike ta. Su kan zauna tare cikin gida guda, su ci daga tukunya guda, su yi addu'a safe da yamma.

Ƙasarmu ta daɗe da saninsu. A shekara ta 1861 masu bishara na farko na ƙungiyar Mishan ta Afirka suka sauka a Ouidah. Ba su daɗe ba suka gane namiji ba ya iya shiga cikin gida ya koyar da mata da 'yan mata. Domin wannan shugabansu, Fada Augustin Planque, ya kafa ƙungiyar Sistocin Notre-Dame des Apôtres a Lyon ta ƙasar Faransa a 1876, suka zo gaɓar Dahomey da Legas suna buɗe makarantun 'yan mata. Su ne kuma suka kafa kwalejin 'yan mata ta Kakuri a Kaduna, wadda yanzu ake kira Kwalejin Sarauniya Amina. A 1948 Sistocin Saint Louis suka zo Kano daga ƙasar Ailan, sunansu kuwa yana bisa makarantu a birnin har wa yau. A nan bayan garin Parakou ma, tun 1960 akwai gidan Sistoci na Étoile Notre-Dame, waɗanda aikinsu addu'a ne da sana'ar hannu.

Jami'ar Parakou, wadda aka buɗe a 2001, ta gwamnati ce. Jami'ar Katolika ta Afirka ta Yamma, mai reshe a Cotonou, bishop-bishop ne suka kafa ta. Amma wadda zan ba ka labarinta, mata ne suka sa harsashinta da hannunsu. Tana can ƙetaren teku, a birnin New Orleans cikin jihar Luwiziyana ta Amurka. Sunanta Jami'ar Xavier. Kada ka ce nesa ce, ba ruwanka da ita. Ka saurara tukuna.

DAGA OUIDAH ZUWA LUWIZIYANA

A 1719 jiragen ruwa biyu suka isa Luwiziyana da bayi na farko da aka kai can daga Afirka. Daga ina suka taso? Daga Ouidah, a bakin tekun ƙasarmu. Bayansu aka yi ta kai waɗansu daga wurare dabam dabam, suna noman rake da auduga, ba lada sai bulala. A 1865 aka hana bauta cikin Amurka duka. Amma hana bauta dabam, ba mutum daraja dabam. A 1896 babbar kotun ƙasar ta yanke shari'a a kan wata ƙara da ta fito daga New Orleans ɗin nan, ta ce halal ne a raba baƙi da farare cikin jirgin ƙasa. Da wannan hukunci aka kafa hujja a makaranta, da asibiti, da wurin cin abinci. Abin baƙin ciki, har cikin majami'u a kan tura baƙin mutum kujerun baya, manyan makarantun Katolika na kudancin ƙasar kuma ba su karɓarsa. Gaskiya ce mai ɗaci, amma ba za mu ɓoye ta ba.

'YAR ATTAJIRI

A birnin Filadelfiya, a 1858, aka haifi wata yarinya, sunanta Katharine Drexel. Ubanta, Francis Drexel, mai banki ne, yana cikin manyan attajiran ƙasar. Uwarta ta rasu tun tana jaririya, matar uba ce ta yi renonta. Matar nan kuwa mai tausayi ce, ta kan buɗe ƙofar gida ga matalauta cikin kowane mako, 'ya'yan gidan ne masu raba musu tufafi da abinci da kuɗin haya. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

Matar uban ta kamu da ciwon daji, Katharine ta yi jinyarta har ta rasu a 1883. Nan ta ga da idonta dukiya ba ta sayen kwana guda. A 1885 uban kuma ya rasu, ya bar wa 'ya'yansa mata uku ribar dukiya mai yawan gaske.

A 1887 Katharine ta je Roma, ta ga Paparoma Leo na 13. Ta roƙe shi ya aiki masu bishara wurin 'yan asalin Amurka, waɗanda Turawa suka tarar a ƙasar suka ƙwace musu filaye, ita kuwa za ta biya kuɗin. Sai Paparoma ya juya mata maganar, ya tambaye ta me zai hana ita da kanta ta tafi. Maganar ta dame ta ƙwarai, gama ba da kuɗi ya fi ba da kai sauƙi.

Ka tuna da saurayin nan mai dukiya da Linjila ta ba da labarinsa, wanda Yesu ya kira shi ya rabar da abin da yake da shi ya bi shi, shi kuwa ya juya ya tafi da baƙin ciki? Katharine ba ta juya ba. A 1889 ta shiga koyon zaman Sista, a 1891 ta yi wa'adi, ta kafa ƙungiyar Sistocin Jibi Mai Tsarki domin hidimar 'yan asalin ƙasa da baƙaƙen mutane. Kafin ta rasu ta kashe wajen dala miliyan 20 a kan wannan aiki, aka buɗe makarantu kimanin 60. Ita kanta kuwa tufafinta da faci, fensir kuma ba ta yar da shi sai ya ƙare sarai.

YADDA AKA KAFA MAKARANTAR

A 1915 Babban Bishop na New Orleans, James Blenk, ya kira ta ta zo ta buɗe wa baƙaƙen yara makarantar sakandare. Akwai wani gini wanda dā jami'ar gwamnati ta baƙaƙen mutane ke ciki, an kuwa tashe ta an kai ta wani gari. Uwa Katharine ta sani in aka ji ita ce mai saye, aka kuma ji abin da za ta yi da ginin, ba za a sayar mata ba. Sai ta saya ta hannun wakili. Da maƙwabta suka gane, waɗansu suka zo suka farfasa tagogi. Sistoci suka gyara, suka buɗe aji.

Aka sa wa makarantar sunan Francis Xavier, mai bisharan nan da ya kai Indiya da Japan, ya rasu a 1552. A 1917 aka ƙara sashen horon malamai. A 1925 ta zama kwaleji mai ba da digiri. A 1927 aka buɗe sashen koyon haɗa magani. A 1932 aka buɗe babban gini a sabon fili, inda jami'ar take har yau.

Ka lura da wannan tsari, gama akwai hikima a ciki. Don me aka fara da malamai? Domin ƙauyukan Luwiziyana cike suke da yara marasa makaranta, Sistoci kuwa ba su da yawan da za su kai ko'ina. Sai Uwa Katharine ta gina ƙananan makarantu a ƙauyuka, ta sa waɗanda suka gama Xavier su koyar, tana biyansu. Don me kuma haɗa magani? Domin baƙin mutum in ya yi ciwo, da wuya ya sami mai duba shi da mutunci. Sistocin nan ba su tambayi wane ilmi ne mai kawo suna ba. Sun tambaya, me mutanen nan suka rasa?

MENE NE GADON KATOLIKA?

In ka ji an ce jami'a tana da gadon Katolika, kada ka zaci ana nufin gicciyen da ke bisa gini ne kaɗai, ko ƙararrawar sujada. Abu uku ne manya.

Na fari, bangaskiya cewa kowane ɗan Adam cikin kamanin Allah aka halicce shi, kamar yadda Littafin Farawa ya koya. In haka ne, ɗan bawa da ɗan sarki daraja guda gare su, wanda ya hana yaro ilmi saboda launin fatarsa kuwa, Mahaliccinsa ya rena. Kalmar Katolika kanta daga harshen Helenanci take, ma'anarta abin da ya game duka.

Na biyu, cewa bangaskiya da ilmi ba abokan gāba ba ne. Wanda ya yi sama da ƙasa, shi ne ya ba mutum hankalin da zai bincika su. Domin wannan ɗalibin da ke koyon haɗa magani a can, a kan sa shi ya zauna kuma cikin ajin da ake maganar Allah da ɗabi'a, domin ya san yadda a kan auna ƙwaya, ya kuma san dalilin da ba za a sayar wa matalauci maganin jabu ba. A 1990 Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya fitar da wata doka domin jami'o'in Katolika na duniya duka. A ciki ya ce aikinsu neman gaskiya ne da hidimar mutane, ya kuma umarta a girmama lamirin kowane ɗalibi da malami, ko da ba Katolika ba ne.

Na uku, cewa ilmi amana ne. Ba domin ka fi 'yan'uwanka aka koya maka ba, sai domin ka koma ka ɗauke musu kaya. Wannan shi ne aike. Jami'ar ta rubuta manufarta a fili, wato ta shirya ɗalibai su yi shugabanci da hidima, domin zaman duniya ya ƙara adalci da tausayi. Kirarinta kuma, wanda aka rubuta da Latin, ma'anarsa ita ce, in Allah yana taimako babu abin tsoro.

To, itace da 'ya'yansa a kan san shi. Ɗaliban Xavier dubu kaɗan ne, ba ta cikin jami'o'i masu arziki. Duk da haka shekaru da yawa tana sahun gaba cikin Amurka duka wajen yawan baƙaƙen ɗalibai da ta aika makarantun likita. Ba sihiri ba ne. Malaman shekarar fari su kan haɗa kai su koyar da abu guda, su gwada yara a kai a kai, wanda ya fara santsi a kama hannunsa tun bai faɗi ba, manyan ɗalibai kuma su taimaki ƙanana. Daga cikinta Ernest Morial ya fito, baƙin mutum na farko da ya zama magajin garin New Orleans, a 1978. Daga cikinta kuma Regina Benjamin ta fito, likitar ƙauye wadda aka naɗa babbar likitar gwamnatin Amurka a 2009. Ga wani abu kuma. Yawancin ɗalibanta ba Katolika ba ne. Tun daga farko ba a rufe ƙofa ga kowa saboda addini ko launi ba.

RANAR DA KUƊI YA ƘARE

Yanzu mun zo wurin da maganar ta yi nauyi. A 1935 ciwon zuciya ya kwantar da Uwa Katharine. Shekara 20 ta yi cikin ɗaki tana addu'a, ta rasu ran 3 ga Maris 1955, tana da shekara 96. Ubanta kuwa ya riga ya rubuta cikin wasiyya, in 'ya'yansa suka rasu ba magaji, a raba uwar dukiyar ga waɗansu gidajen jinƙai da ya lissafta. Sa'anda ya rubuta wasiyyar, ba a kafa ƙungiyar 'yarsa ba tukuna, balle jami'a. Saboda haka ran da ta rufe ido, rijiyar da ake ɗiba ta ƙafe.

Ba kuɗi kaɗai ba. Sistoci su kan koyar ba albashi, wannan shi ne asirin yawancin makarantun mishan. Amma daga shekarun 1960 'yan mata masu shiga zaman Sista suka ragu ƙwarai a Amurka da Turai. Wa zai riƙe makarantar?

Ga abin da Sistocin suka yi. Akwai wani ɗan mai aski daga garin Lafayette, sunansa Norman Francis, wanda ya zo Xavier a 1948, yana aiki cikin makarantar domin ya biya kuɗin karatunsa. Ya gama a 1952, ya karanta shari'a, ya komo yana aiki tare da su. A 1961 wata ƙungiyar matafiya, baƙi da farare, masu yaƙi da wariya cikin motocin haya, suka iso birnin bayan an yi musu dūka a hanya, masu masauki suna tsoron karɓarsu. Shi ne ya nemi izini aka sauke su a ɗakin kwanan ɗalibai. A 1968 Sistoci suka ba shi shugabancin jami'ar. Shi ne shugaba na farko baƙin mutum, na farko kuma wanda ba Sista ba, ba kuwa Fada ba. A 1970 suka miƙa mulkin makarantar ga majalisar amintattu, wadda ta haɗa Sistoci da sauran mutane. Ya yi shekara 47 a kan kujerar, har 2015, sa'anda Reynold Verret, haifaffen ƙasar Haiti, ya gaje shi.

Ka ga, ba su ƙanƙame abin da suka gina ba. Sun yi renon magaji, suka ba shi mabuɗi tun suna da rai. Kyawun ɗa ya gaji ubansa, amma sai uban ya yarda ya koya masa, ya kuma sake masa hannu.

Gwaji ya sake zuwa a watan Agusta 2005. Guguwar Katrina ta fasa madatsun ruwa, birnin ya nutse, ruwa ya shiga kusan kowane ginin jami'ar, ɗalibai suka watse cikin ƙasa duka. Mutane da yawa suka ce ta ƙare ke nan. A watan Janairu 2006 aka sake buɗe aji. Cikin waɗanda suka kawo gudunmawa har da ƙasar Katar, ƙasar Musulmi, wadda ta ba da dala miliyan 17 da rabi domin kuɗin karatun ɗalibai da sabon ginin sashen haɗa magani. An buɗe ginin a 2010, da sunan Katar a jikinsa. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

KAI FA, ƊAN'UWANA?

Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya tsaya cikin harabar Xavier a 1987, ya yi wa shugabannin jami'o'in Katolika jawabi. Shi ne kuma ya zo nan Parakou a watan Fabrairu 1993, ya gana da shugabannin Musulmi. A 2000 ya sa sunan Katharine Drexel cikin tsarkaka na Ekklesiyar Katolika. Ka ga ashe igiyar doguwa ce, amma ta iso ƙofarmu.

Mu ma mun san makaranta tana iya fita daga hannun masu ita. A 1974 gwamnatin Kérékou ta karɓe makarantun firamare na mishan, sai bayan babban taron ƙasa na 1990 aka fara mayar da su. A arewacin Najeriya ma gwamnati ta karɓi da yawa cikin shekarun 1970. Gini ya kan sāke hannu, suna ya kan sāke. Abin da ya kan rage shi ne abin da aka dasa cikin mutane.

Domin wannan ina da tambaya uku gare ka. In kai uba ne, kana kuwa tunanin inda za ka sa 'yarka, kada ka dubi fentin bango kaɗai. Ka je ka tambayi masu makarantar, wa ya kafa ta, domin wa kuma? In ɗan matalauci ya kasa biya, me su kan yi da shi? In kai Musulmi ne, ka tambaye su a fili yadda su kan yi da addinin yaro. Hakkinka ne, makarantar da ta riƙe gadonta kuwa ba za ta ji nauyin amsa maka ba.

In kai malami ne ko ma'aikacin asibiti, a makarantar Sista ko ta gwamnati, ka tuna akwai waɗanda suka bar ƙasarsu da danginsu, waɗansu ma zazzaɓi ya kashe su suna da ƙuruciya, domin a sami aji a wannan ƙasa. Yaron nan mai jinkirin ganewa wanda ke zaune a baya, kana kama hannunsa, ko kuwa ka bar shi ya faɗi?

In kuma kai ɗalibi ne, ran da ka karɓi takardar shaida, ina za ka nufa da ita? Akwai ƙauyuka tsakanin Parakou da Djougou inda mace mai naƙuda ta kan yi doguwar tafiya a bayan babur kafin ta ga ungozoma. Ba na ce kowa ya zama Sista ba, ba kowa aka kira ga wannan ba. Ba ka da miliyoyin Katharine Drexel, ni ma ba ni da su. Amma tambayar da aka yi mata a Roma ba ta kuɗi ba ce. Ta je neman wanda za a aika, aka nuna ta.

Ubangiji Yesu ya koya mana, abin da muka yi wa mayunwaci, da baƙo, da majinyaci, shi muka yi wa, a kan wannan kuma za a tambaye mu a ranar ƙarshe. Ka yi tunani a kan wannan cikin daren yau, kafin ka kwanta.

Allah shi ba mu zuciya mai tausayi, shi sa mu riƙe amanar da aka bar mana, mu kuma miƙa ta ga na bayanmu ba tare da ta ragu ba. Allah shi kiyaye ka, kai da gidanka. Amin.